Amsa ga Hajiya kan allurar Sinawa da sinadarin damuwa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce tun da kasuwarki ta samu tangarɗa barci ya ƙaurace miki, gabanki yana yawan faɗuwa, wuya da kafaɗu sun ɗaure, sai ƙawarki ta ce ki je a yi miki allurar Sinawa, wato akufancha, wai tana taɓa ƙwaƙwalwa ta sauke kotisol, sinadarin da jiki ke saki lokacin damuwa. Kina son sanin ko gaskiya ne, kuma ko za ki iya ajiye ƙwayoyin da likita ya ba ki. Ta biyun ita ce mai haɗari, don haka da ita zan fara: kada ki ajiye. Ta farkon kuwa sai kin yi haƙuri da ni, tana da ɗan tsawo.

Ni aikina gashi da motsa gaɓoɓi ne a asibiti. Lokacin da nake ƙaro karatu a Sin na zauna a sashen allura na ga yadda suke yi, kuma an yi mini saboda ciwon wuya. Allurar siririya ce, kaurinta wajen rubu'in milimita, ba ta da rami, ba a ɗura komai a ciki. Shigarta ba ta da wani zafi. Sai mai yin ya ɗan murza ta, a nan ne za ki ji nauyi da tsami suna yaɗuwa daga wurin. A bar ki kwance minti 20 zuwa 30. Ni dai sau da yawa barci ke sace ni a kan gadon, in tashi sakayau. To amma ɗaki ne shiru, ba waya, ba mai kira na, ko ba allura ma ai mutum ya huta. Shi ya sa ba zan kafa miki hujja da jikina ba.

Ga yadda kotisol ke fita. Idan mutum ya shiga tashin hankali, wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus yakan saki sinadarin CRH. Shi kuma ya zaburar da fituwitari, wata 'yar halitta da ke rataye a ƙarƙashinsa, ta zuba ACTH cikin jini. ACTH ya gangara wajen adirinal, waɗanda ke zaune a saman ƙoda biyu, su saki kotisol. Kotisol ba abokin gaba ba ne yadda masu tallar magani ke nunawa. Shi ke ɗaga sukari a jini idan ana bukata, shi ke taimakawa jini ya riƙa bugawa da ƙarfinsa, yakan kai ƙololuwa kamar rabin awa bayan an farka, ya yi ƙasa da tsakar dare. Idan ya isa, shi da kansa ke komawa ya tsayar da ƙwaƙwalwa. Damuwar da ta daɗe ita ke rikita wannan, har ya ƙi sauka da dare. Faɗuwar gaba kuwa galibi aikin wani sinadari ne daban mai suna adirinalin, da jijiyoyin da ke sa zuciya sauri.

Cewa allurar tana kai saƙo ƙwaƙwalwa, wannan ba gardama, kuma a wajen ciwo aka fi tabbatar da shi. Han Jisheng, wani masani a Beijin da ya fara wannan bincike a 1965, ya yi wa zomo allura, ya ɗebi ruwan ƙwaƙwalwarsa ya zuba wa wani zomon da ba a taɓa ba, sai na biyun ma ya ƙara juriyar zafi. Kenan akwai wani abu da jiki ke saki. A 1976 Bruce Pomeranz a Toronto ya ba ɓeraye nalokson, maganin da ke toshe aikin mofin (wani maganin kashe zafi mai ƙarfi), sai sauƙin da allurar ke bayarwa ya ɓace. Abin nan shi ne endofin da danginsa, wato maganin kashe zafi da jiki ke haɗawa da kansa. Daga baya Han ya nuna cewa idan an haɗa allurar da 'yar wutar lantarki, bugu 2 a daƙiƙa da bugu 100 a daƙiƙa ba sinadari ɗaya suke fitarwa ba.

A shekarar 2000 kuma Kathleen Hui da abokan aikinta a Boston sun sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka tsira musu allura a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Suka ga wuraren da ke kula da tsoro da fargaba, irin su amigdala, sun lafa a wajen waɗanda suka ji wancan nauyi da tsami. Waɗanda suka ji zafi mai kaifi kuwa akasin haka aka gani. Wannan ya dace da abin da nake gani a wurin aiki: majinyacin da ke tsoron allura, yana ɗaɗɗaure jiki, da wuya ya amfana.

Maganar kotisol ɗin da ƙawarki ta kawo, tushenta mafi ƙarfi ɓeraye ne. A 2013 Ladan Eshkevari ta jami'ar Georgetown a Amurka ta riƙa sa ɓeraye cikin sanyin ƙanƙara awa ɗaya kullum har kwana 10. Waɗanda aka yi wa allura mai lantarki a ƙasan gwiwa, a wurin da ake kira Zusanli, CRH da ACTH da takwaran kotisol na jikin ɓera ba su tashi ba yadda suka tashi a sauran. Bincike ne mai kyau. Sai dai ɓera a kan ƙanƙara daban, mace mai tunanin bashi da kayan da suka maƙale daban. Gwaje-gwajen da aka yi kan kotisol a jikin mutane ƙanana ne, wasu sun ga ya sauka, wasu ba su ga komai ba. Don haka duk wanda ya ce miki zama kaza zai daidaita miki waɗannan sinadarai, kasuwarsa yake ci.

Akwai wani gwaji da nake so ki sani. A Jamus an ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka fitar da sakamakon a 2007. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa allura a wuraren da Sinawa suka tsara, kashi 47.6 cikin ɗari sun samu sauƙi. Waɗanda aka ɗan soka wa sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44.2. Masu magani da motsa jiki irin na kullum, kashi 27.4. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne, sauƙin gaskiya ne, amma kaso mai tsoka nasa daga sukar kanta yake, da kwanciyar, da kulawar mai yi, da sa rai, ba daga wasu ɓoyayyun hanyoyi a jiki ba. Ba wai wuri ba shi da tasiri sam ba: a 2021 Qiufu Ma na jami'ar Harvard ya nuna a ɓeraye cewa 'yar lantarki kaɗan a ƙafa tana bi ta jijiyar bagus, wadda ta haɗa ƙwaƙwalwa da kayan ciki, ta taɓa adirinal ta rage kumburi, alhali irinta a kan ciki ba ta yi, saboda irin jijiyoyin da ke ƙafar ba su da yawa a cikin. Jijiya ce dai, ba siddabaru ba.

Shawarata, idan kina da hali kuma kin samu ƙwararre, ki gwada don wuyan da kafaɗun, in barci ya biyo baya alhamdu lillahi. Idan an yi zama shida zuwa takwas ba canji, ki riƙe kuɗinki. Amma kafin nan ki koma wa likitanki a auna hawan jini, sukari, yawan jini, da sinadarin maƙoƙo, domin idan ya yi yawa yana kawo irin wannan faɗuwar gaba da rashin barci, kuma allura ba ta maganinsa. Wani abu kuma, ba don ke ba, don 'yan'uwa mata da ke karantawa: ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarin da ke kwaikwayon kotisol. Idan an daɗe a kansu adirinal sukan daina aiki, kuma yankewa farat ɗaya na iya kai mutum gadon asibiti. Haka ma ƙwayar barci irin diyazifam, a hankali likita ke janye ta.

In kin je, a buɗe sababbin allurai a gabanki, kamar yadda ba za ki yarda wanzami ya yi miki ƙaho da askar da ya tsaga wani ba, don ciwon hanta ta nan yake bi. Saman kafaɗa da bayan ƙirji wuri ne da huhu ke kusa, allura ta taɓa huda shi a hannun waɗanda ba su ƙware ba, don haka in kin ji numfashi na sarƙewa ko ƙirji na suka bayan an gama, ki wuce asibiti nan take. Ki kuma faɗa musu tun farko idan kina da juna biyu, ko kina shan maganin tsinka jini, ko an sa miki na'urar bugun zuciya. Ki rubuto mana sunayen ƙwayoyin da aka ba ki, akwai likitoci a nan da za su fi ni yi miki bayaninsu.