Hannun amaryar da ya yi ƙuraje bayan ƙunshi

Ƙanwata, kin tambaye ni me ya sa amaryar da kika yi wa ƙunshi ranar Alhamis ta kira ki ranar Asabar wai hannunta ya kumbura yana ƙaiƙayi, alhali ƙawayenta biyar da kika zana musu daga kwano ɗaya lafiyarsu lau. To ba hannunki ba ne kuma ba sammu ba ne, dayis ɗin da muke haɗa baƙin lalle da shi ne. Akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira PPD, asalinsa na rinin gashi ne, a Amurka ma ba a yarda a shafa shi a fata ba. Jan lalle na ganye da wuya ya yi wa mutum haka.

Ki ce ta turo miki hoto ki duba da kyau, in ƙurajen sun bi zanen sak, fulawa ta fito fulawa, ganye ya fito ganye amma da ƙananan bororo masu ruwa, to shi ne. Wadda jikinta ya riga ya san sinadarin cikin kwana 1 zuwa 3 yake fito mata, wadda karon farko ne kuma yakan kai sati ɗaya ko biyu, shi ya sa da yawa ba sa danganta abin da ƙunshi. Kuma in jiki ya ƙi shi to ya ƙi ke nan har abada, ko baƙin rinin gashi ta sa gaba zai tayar mata.

Yanzu ta wanke da ruwa da sabulu mara ƙamshi, ta riƙa ɗora tsumma mai sanyi, kar ta fasa bororon, kar ta shafa man bilicin ko toka don Allah, ta je likita ya rubuta mata man shafawa da maganin ƙaiƙayi. Likitan fata yana da gwajin da ake manna sinadarai a gadon baya na tsawon awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu a gane takamaiman abin. In fuska ko leɓe ya kumbura ko numfashi ya fara yi mata wuya, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ke ma ki riƙa sa safar hannu, yatsuna sun sha tsagewa kafin in gane. Gobe ki shirya mu je mu duba ta tare.