Yaya ƙaramin kamfanin littattafai ke zama babba?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina yawan karanta tarihin 'yan wasa da na ƙungiyoyin ƙwallo, kuma na lura da yawansu ba manyan kamfanoni ke buga su ba. Wasu ƙananan ma sai ka ji bayan 'yan shekaru sun bunƙasa. Shin littafi ɗaya ne kan ci kasuwa ya ɗaga su, ko akwai wani sirri? — Wani mai karatu

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Littafi ɗaya kan ɗaga kamfani, amma ba kasafai ba, kuma ni ban cika yarda da kamfanin da ya tashi ta haka ba. Abin da ke raya ƙaramin kamfanin ɗab'i tsofaffin littattafansa ne, waɗanda aka gama biyan kuɗin gyara da zanen bango da hotunansu tun tuni, amma har yanzu ana neman su kaɗan-kaɗan. Littafin koyon ninkaya ko na dokokin alƙalancin wasa ba ya tashe, ba ya kuma mutuwa. Duk bugun da aka sake, kuɗin takarda da na maɗaba'a da kason marubuci kawai za a fitar. Da wannan ribar ake biyan albashi, da ita kuma ake jarraba sa'a a kan sababbi.

Dubi Skyhorse na birnin New York, wanda Tony Lyons ya kafa a 2006. Gado ya yi, domin mahaifinsa Nick Lyons ya yi suna wajen buga littattafan kamun kifi. Kamfanin ya soma da littattafan wasanni da farauta da makamantansu. A 2010 ya sayi littattafan kamfanoni biyu da suka durƙushe, Arcade da Sports Publishing. Wato maimakon ya jira shekara ashirin yana tara tsofaffin littattafai, sai ya saye su a dunƙule, ɗaruruwa a lokaci guda.

Wasanni kuma suna da wata fa'ida ga mai ƙaramin jari: ka san mai sayen tun kafin ka buga. Mai buga ƙagaggen labari sai ya fita neman masu karatu. Mai buga tarihin wata ƙungiya kuwa ya san inda magoya bayanta ke taruwa duk mako, ya san kantin da ke gindin filin wasansu. Babban kamfani ba zai ɓata lokacinsa a kan littafin da bai wuce kwafi dubu biyu ko uku ba, alhali ga ƙarami wannan ciniki ne mai kyau. Triumph Books na Shikago, da aka kafa a 1989, ya ƙware a wani salo: ƙungiya na ɗaukar kofi, cikin 'yan kwanaki littafin murnar ya fito. Ana shirya yawancin shafukan ne tun kafin wasan ƙarshe, in ƙungiyar ta sha kashi aikin ya tashi a banza. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, domin bayan 'yan makonni zumuɗin ya kwanta.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne masu sha'awar shiga sana'ar ba sa son a daɗe. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila kantin littattafai ba ya saye a yanke. Yana karɓa ne da ragin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na kuɗin da ke jikin bango, da sharaɗin duk abin da ya yi kwantai zai mayar. Kamfanin rarrabawa, wanda ke ajiye kayan a sito yana kai wa kantuna, shi ma zai cire la'adarsa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya shigo. Sannan kuɗin ba ya iso ka sai bayan wata uku ko fiye, maɗaba'a kuwa ta riga ta karɓi nata. Yanzu ka ɗauka kantuna sun yi odar kwafi dubu goma na tarihin wani ɗan wasa, ka ci bashi ka buga. Wata shida sai ga kwalaye suna dawowa, wasu bangon ya lanƙwashe, wasu da takardar farashin kanti manne a baya, ɗan wasan ma ya koma wata ƙungiya. A takarda ka yi ciniki, a aljihu babu ko sisi. Kamfanin da ya ninka yawan littattafansa a shekara guda ya ninka wannan haɗarin ne, shi ya sa saurin girma ya kashe ƙananan kamfanoni da dama.

Ko dillalin kansa, wato kamfanin rarrabawa, na iya faɗuwa da kai. A ƙarshen 2006 uwar kamfanin rarrabawa na Publishers Group West ta karye a Amurka, kuɗin cinikin ƙarshen shekara na ƙananan kamfanoni fiye da ɗari ya maƙale. Wanda kuma ya tsallake duk wannan, sai manya su fara zawarcinsa: Random House ya sayi Triumph a 2006.

TAMBAYA: Malam, na rubuta tarihin ƙungiyar da nake goyon baya, ina so in buga da kaina. Kwafi nawa ya kamata in fara da shi? — Wata mai karatu

AMSA: Malama, ki fara da kaɗan. Mai maɗaba'a zai nuna miki cewa in kin buga dubu uku kowane kwafi zai fi araha, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba shi zai kwana da kwalayen ba. Yanzu akwai injinan da ke buga kwafi hamsin ko ɗari, har ma ɗaya tak idan an yi oda. Ki gwada da wannan, in ya ƙare ki ƙara.

Abin da ya fi adadin kwafi muhimmanci shi ne hotuna da tambarin ƙungiya. Hoton da kika gani a intanet yana da mai shi, tambarin kuma mallakar ƙungiyar ne. Ki nemi izini a rubuce kafin littafin ya shiga maɗaba'a. Ki kuma sa ranar fitowarsa ta dace da farkon kakar wasa ko cikar ƙungiyar wasu shekaru da kafuwa, lokacin da magoya baya ke da ɗoki.