Ƙaramar laftof ga mai yawan tafiya

Malam, ka tambaya ko ƙaramar laftof za ta ishe ka tunda kullum kana kan hanya. Tawa mai inci 13 ce, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai, cikin jakar takardu nake zura ta. Rubutu, imel da shiga intanet duk lafiya lau.

Sai dai ka lura, da yawansu RAM ɗinsu (wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi) a manne yake, ba a iya ƙara shi daga baya, don haka nemi mai 16GB tun farko. Marasa fanka kuwa, da ka fara tace bidiyo sai su ɗau zafi, gudunsu ya ragu. Kafofin USB ma kaɗan ne. Ni dai ba na son ka sauka zuwa inci 11, madannan a matse suke, yatsu na gajiya da wuri.