Ga mai tambaya kan injinan kafinta: kada ka ɗaura wa garanda faifan zarto

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce kana so ka mai da garejin gidanka ɗan wurin aikin katako, ka riƙa haɗa kanta da benci da teburin karatun yara, kuma mai sayar da kayan aiki ya ce maka garanda ɗaya ta ishe ka, ka ɗaura mata faifan zarto ta yi maka yanka. Allah ya sanya albarka a niyyar. Amma maganar garandar nan, don girman Allah ka bar ta tun yanzu.

Garanda mai faifan milimita 115 tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, injin zarto na hannu kuwa 5,000 ne zuwa 5,500. Ba gudun ne kaɗai matsalar ba. Garanda ba ta da farantin da zai zauna a kan katako, murfinta kuma rabin faifai yake rufewa. Da zarar haƙori ya cafki ƙusa ko wuri mai tauri, sai ta ƙwace daga hannu tana juyawa, kuma cinya ko fuska take nufa. An yi ta ne don ƙarfe da dutse.

Abin da za ka fara saya diril ne mai batir, na volt 18 (wanda aka rubuta wa 20 duk batir ɗaya ne, lissafin ne ya bambanta), da batir biyu don ɗaya na caji kana aiki da ɗaya. Ka tsaya a kan kamfani guda, domin batirin Makita ba ya shiga Bosch ko Ingco. Sai injin zarto mai faifan milimita 185, mai ƙarfin wat 1,200 zuwa 1,400. Zurfin yankansa ya kai santimita 6, ya isa tubaifo da duk wani filawud. Sai injin goga mai faifan milimita 125, da samfefa lamba 80, 120 da 180, a bi su a jere ba tsallake. Jigso na yankan lanƙwasa zai iya jira. Ka ware kuɗin kilam huɗu na matse katako, da sukwaya da tef, kafin ka yi tunanin inji na huɗu. A ganina wanda yake da inji uku da kilam huɗu ya fi mai inji shida da yake danne katako da gwiwa.

A shago, ka sa a kunna maka. Ka leƙa ta ramukan iska na bayan inji: ɗan tartsatsi kaɗan a wajen kabon (ɗan baƙin gawayin da ke kai wa inji wuta) ba komai ba ne, amma in wuta tana zagaye amecha, wato abin da ke juyawa a cikin injin, ko kana jin ƙaurin koyil, ajiye shi. A cire filogi, ka girgiza faifan gefe da gefe. In yana lilo, beyarin ya tafi. Ka ɗaga murfin ƙasa na faifan ka sake shi, ya kamata ya koma da kansa nan take. Jabu sun yi yawa a kasuwa, musamman na manyan sunaye, don haka arha fiye da kima alama ce. Ka kuma tambaya ko ana samun kabon ɗinsa a gari.

Kayan gwanjo kuma ka karanta ɗan allon da ke jikinsu. Wutarmu volt 230 ce, na Amurka 120. Ka sa shi a soket kai tsaye, ya ƙone. In har za ka saya, sai da taransfoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai. Haka janareta: ƙaramin nan mai wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauki injin zarto ba, saboda lokacin tashi inji yana jan wuta ninki biyu zuwa uku. Nemi mai kVA 2.5 ko sama. Wayar ƙari ta zama mai kaurin milimita 1.5, in da nisa 2.5, kuma a warware ta duka, domin a naɗe zafi take yi. Ka sa mai gyaran wuta ya saka maka RCD, wato na'urar da ke yanke wuta in ta kama mutum, mai miliamf 30 a layin garejin. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ɗaukewar wuta. Nepa ta ɗauke kana cikin goga, ka ajiye inji maƙunni a kunne, ka fita shan iska. Ana kawowa ya tashi da kansa. Wuta na tafiya, ka kashe, ka zare filogi.

Yanzu ga inda aka fi jin ciwo da injin zarto, wato tsalle baya. Babban dalilinsa shi ne tsagar da faifai ya yi ta matse shi. Haƙoran baya suna sauka ƙasa ne, in katako ya kama su sai injin gaba ɗaya ya tashi ya yo kanka, kafin ka ƙifta ido. Abin da ya fi jawo shi, a ɗora katako kan benci biyu a yanka tsakaninsu. Yana kusa da rabuwa sai ya lotsa tsakiya ya cije faifan. Ka matse ɓangaren da kake so a kan benci da kilam, guntun da za a cire ya zama a waje ya faɗi abinsa. In babban filawud ne, shimfiɗa tubaifo huɗu a ƙasa, biyu kowane gefen layi, ka ɗora shi a kai. Ɗanyen katako ma yana yin haka, domin yana murɗewa ana cikin yanka. Ka bar shi ya bushe a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane falle.

Ka saita zurfi yadda haƙori zai leƙo ƙasan katako da kamar milimita 5 kawai. Hannu biyu a kan inji, jikinka a gefen layin yanka, ba a bayansa ba. Bari faifai ya kai cikakken gudu kafin ya taɓa katako. In ka ji ya nauyaya ko sautinsa ya sauka, saki maƙunni, ka riƙe shi a wurin har ya tsaya cak, sannan ka ɗaga. Kada ka ja shi baya yana juyawa. Kuma duk wanda ya ce ka ɗaure murfin da waya don aiki ya yi sauri, kada ka saurare shi. Murfin nan ne ke hana faifai gudu a ƙasa ya hau ƙafarka in ka ajiye.

Faifai mai haƙori 24 na tsaga ne bisa tsawon katako, mai 40 zuwa 60 na gicciye da filawud. In ka ga gefen yanka yana baƙi yana hayaƙi, faifan ya dakushe ko ƙaro ya taru a kansa. Dakusasshe ya fi mai kaifi haɗari, don shi ne ake turawa da ƙarfi. Duk canjin faifai, filogi a zare ko batir a cire. Babban zarton tebur kuwa, ban ba ka shawarar ka kawo shi gida ba sai ka zauna wajen kafinta ka ga yadda ake aiki da ƙarfen da ke bayan faifai da sandar turawa.

Tufafi ma abin lura ne. Jallabiya, hannun kaftani, carbi a wuya, duk inji yana iya naɗe su. Gajeren hannu da takalmi rufaffe, ban da silifa. Safar hannu ta ɗaukar katako ce, a cire ta kafin a kunna abu mai juyawa, don ita ke ja yatsa ciki. Gilashin ido kullum. Ƙarar zarto tana kaiwa desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, sai ka toshe kunne.

Ƙura ce ake rainawa. Garin iroko yana tayar da asma da ƙaiƙayin fata, na MDF, wato allon garin katako da aka matse, yana da laushi ƙwarai, yana shiga can cikin huhu, kuma an tabbatar shaƙar ƙurar katako na shekaru yana jawo kansar hanci. Takunkumin yadi ba ya tare ta, nemi mai lamba N95 ko FFP2. Ka yi goga a bakin ƙofa, ka yayyafa ruwa kafin shara. Janareta a waje, nesa da taga. Fetur da tina kada su kwana kusa da tarin dusa. Batir kuma kada a bar shi a rana ko a sa shi caji yana da zafi.

Tun da a gida ne, ka sa wa garejin kwaɗo, batura su kwana a wani wuri daban, kuma yaro ba ya shigowa ana yanka, ko kiran abinci ne ya tsaya daga ƙofa. Ka ajiye bandeji da tsumma mai tsabta kusa. In, Allah ya kiyaye, yatsa ya cire, a danne ciwon a ɗaga hannun sama, a naɗe yatsan a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, ledar a cikin ruwa mai ƙanƙara, ba a kan ƙanƙarar kai tsaye ba, a wuce asibiti nan take.