Tambaya da Amsa: Tsawo ne ke cin ribawun a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, wato NCAA. Muna gardama da abokaina a kan ribawun, cafke ƙwallon da aka jefa ta ƙi shiga kwando. Su sun ce wanda ya fi tsawo shi zai ɗauka, magana ta ƙare. Ni kuma ina ganin akwai abin da ya wuce tsawo. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abokanka suna da rabin gaskiya, kai kana da sauran. Zoben kwando yana ƙafa 10 ne daga ƙasa, mita 3.05, don haka dogo ya fi kusa da inda ƙwallo ke faɗowa. Zach Edey na jami'ar Purdue, mai ƙafa 7 da inci 4, ya riƙa cafke ribawun 12.9 a kowane wasa a kakar 2022-23. Hakeem Olajuwon, wani dogon, shi ya fi kowa cin ribawun a ƙasar a kakar 1983-84 lokacin yana Houston. Ƙungiyar da ba ta da dogo ko ɗaya za ta sha wahala a ƙarƙashin kwando, wannan ba abin musu ba ne.

Amma duba sauran sunayen. Kenneth Faried na Morehead State ƙafa 6 da inci 8 ne, ya kuma gama jami'a a 2011 da ribawun 1,673, ya wuce 1,570 na Tim Duncan wanda ya fi shi tsawo. Paul Millsap na Louisiana Tech bai fi Faried tsawo ba, amma ya zo na ɗaya a ƙasar shekara uku a jere, daga 2004 zuwa 2006. Oscar Tshiebwe na Kentucky, mai ƙafa 6 da inci 9, ya yi 15.1 a kowane wasa a kakar 2021-22. Shi kuwa Tacko Fall na jami'ar Central Florida, mai ƙafa 7 da inci 6, bai kai 8 ba a shekararsa ta ƙarshe. Da tsawo kaɗai ke aiki, da ba a ga haka ba.

Dalili na farko shi ne ba da kai ake kama ƙwallo ba, da hannu ake kamawa. Masu horarwa sun fi kula da gaba, wato faɗin hannuwa biyu idan an miƙe su, da kuma inda yatsu ke kaiwa idan mutum ya ɗaga hannu a tsaye. DeJuan Blair na Pittsburgh ƙafa 6 da inci 7 ne, amma faɗin hannuwansa ya haura ƙafa 7. Mai dogon wuya da gajerun hannuwa yana iya fin sa tsawo a takarda, a fili kuma Blair ya riga shi taɓa ƙwallo.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a ganinmu, shi ne wuri. Ribawun tun kafin ƙwallo ta taɓa zobe ake cin sa. Da zarar an jefa, mai tsaro ba kwando zai fara kallo ba, mutuminsa zai nema, wato abokin hamayyar da yake tsarewa. Ya taɓa shi da damtse, ya juya ya ba shi baya, ya buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga hannuwa, sannan ya nemi ƙwallo. A nan ƙarfin ƙugu da cinya ya fi tsawo amfani, domin wanda ya fi yin ƙasa shi ke tura ɗan'uwansa. Siririn dogo da ya tsaya a miƙe, cikin sauƙi ake tura shi har ƙarƙashin zobe, wurin da ƙwallo ba ta cika faɗowa ba. Idan kuma yana baya ya tura ko ya hau bayan wanda ya tare shi, alƙali zai busa laifi, kuma laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a jami'a.

Sai saurin tsalle na biyu. Ƙwallo da yawa ba a kama su a tashin farko, ana dai taɓa su. Wanda ya dira ya sake tashi nan take shi ke ɗauka, kuma mai nauyin jiki da dogayen gaɓoɓi yakan makara.

Akwai kuma abin da ke cutar da dogaye wanda 'yan kallo ba sa lura da shi. Dogo shi ake sa ran zai tare jifa. Duk lokacin da ya bar mutuminsa ya tashi tarewa, ya bar bayansa a buɗe, idan ƙwallon ta kuskure mutumin nan ne zai ɗauka ba mai hana shi. Abokan hamayya kuma kan ja shi waje da gangan ta hanyar sa mutuminsa ya fito nesa da kwando.

Tambaya: To, gajeru masu wasa a waje fa, suna da rabo?

Amsa: Suna da shi, kuma yana ƙaruwa. Jifa mai nisa takan yi tsalle mai nisa idan ta bugi zobe. Tun kakar 2019-20 aka ƙara wa layin maki uku (layin da jifa daga bayansa ke ba da maki uku) na manyan jami'o'in maza nisa zuwa mita 6.75, kuma irin wannan ƙwallo takan tsallake kan dogayen da ke cunkushe a ƙarƙashin kwando ta faɗi wajen layin jifar laifi. Jifar da aka yi daga gefe kuma ta fi yawan faɗawa ɗaya gefen. Gajeren da ya san wannan ya isa wurin tun da wuri zai ɗauka ba tare da ya yi tsalle da kowa ba.

Tambaya: Yaya zan auna ƙungiyar da ta fi iya ribawun? Yawan abin da ta cafke zan duba?

Amsa: A'a, yawa kan ruɗi mutum. Ƙungiya mai wasa da sauri, ko wadda ake yawan kuskuren jifa a wasanta, za ta tara da yawa ko ba ta ƙware ba. Kaso ake dubawa. Ɗauki ribawun da ta ci a kwandon da take kai wa hari, ka raba da jimillarsa da wanda masu tsaro suka ci a wannan kwando. Idan ta ci 12 su kuma suka ci 24, ta samu 12 cikin 36, kashi 33 cikin 100 ke nan. A gasar jami'o'i masu tsaro kan ɗauki kusan 7 cikin 10, don haka 33 ta haura matsakaici. Ka kuma lura da tsarin mai horarwa: wasu kan tura mutum uku ko huɗu neman ƙwallo, kamar yadda aka san Houston ta Kelvin Sampson, wasu kuma kan sa 'yan wasansu su koma tsaro nan take, sai kasonsu ya yi ƙasa duk da suna da dogaye.