Fatawa: Zagaya Gari da Ƙafa da Shiga Maƙabarta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Aiki ne ya kai ni wani gari da ban san kowa ba. Bayan la'asar nakan fita da ƙafa in bi lungu da saƙo, don motsa jiki da kuma sanin garin. Sau da yawa hanya kan bi da ni ta maƙabarta, sai in shiga in zagaya, ina karanta sunayen da ke kan alluna, wani lokaci har in ɗauki hoto da waya. Ba ni da kowa kwance a wurin, kuma wani ɓangarenta na waɗanda ba Musulmi ba ne. Ko akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, zagaya gari halas ne, matuƙar ka ba hanya haƙƙinta kamar yadda ya zo a hadisin Abu Sa'id al-Khudri wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: runtse ido, kame cuta daga mutane, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Baƙo ya fi kowa buƙatar na farkon, don idonsa a buɗe yake, kuma ƙofar gidan da ka tarar a buɗe ba kai aka buɗe wa ba.

Shiga maƙabarta kuwa ya wuce halas, sunna ne. A hadisin Buraida da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce: "Na kasance na hana ku ziyarar kaburbura, to ku ziyarce su." Tirmizi ya ƙara da cewa suna tunatar da lahira. Ba a sharɗanta sai kana da ɗan'uwa a ciki ba. Ni ma ina ganin kabarin da ba wanda ke zuwa masa ya fi buƙatar sallamarka, wanda ciyawa ta rufe, allonsa ya karkace, ruwan sama ya cinye rabin sunan.

Amma ka lura da dalilin da ya sa aka yi izinin: tunawa da lahira da yi wa mamata addu'a. Saboda haka idan ka iso bakin maƙabarta, sauya niyya. Rage sauri, cire abin da ke kunnenka, ka faɗi abin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana A'isha: "Assalamu ala ahlid diyari minal mu'minina wal muslimin," har zuwa inda ake cewa mu ma in Allah Ya so masu riskar ku ne. Wanda ya shiga yana ƙirga taku a waya har ya fita ta ɗaya ƙofar, ratsawa ya yi, bai yi ziyara ba.

Kada ka taka kabari, kada ka zauna a kai don hutawa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum ya zauna kan garwashi ya ƙona tufarsa har ya kai ga fata, ya fi masa alheri da ya zauna kan kabari. Imam Malik ya fassara wannan zaman da zama don biyan buƙata, amma mafi yawan malamai sun bar hadisin a kan zahirinsa, kuma shi na fi natsuwa da shi. Batun takalmi akwai saɓani. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci wani mai tafiya tsakanin kaburbura ya cire takalmansa, kuma da shi Imam Ahmad ya riƙa. Mafi rinjaye sun halatta, suna kafa hujja da hadisin Anas cewa mamaci na jin ƙarar takalman masu binne shi idan sun juya. Bi turbar da aka tanada da takalminka. In dole ta sa ka kutsa tsakanin kaburbura kuma babu ƙaya ko zafin ƙasa, cirewa ta fi.

Ɓangaren waɗanda ba Musulmi ba, ana shiga don ɗaukar izina. Annabi (SAW) ya nemi izinin nema wa mahaifiyarsa gafara ba a ba shi ba, ya nemi izinin ziyartar kabarinta aka ba shi, ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. Don haka ba ka nema musu gafara, ba kuma ka wulaƙanta kabarinsu ko ka faɗi abin da zai sosa ran danginsu. In wurin na da doka ko mai gadi, nemi izini.

Karanta alluna ba laifi, sau da yawa ma shi ke farkar da zuciya, musamman in ka ci karo da wanda shekarar haihuwarku ɗaya. Hoto kuwa, ban ce haramun ne ba, tunda ƙasa da allo ba masu rai ba ne, amma ba na so maka yaɗa shi. Sunan da ke kan allon nan mahaifin wani ne ko 'yar wata, kuma ba su ba ka izinin sa shi a gaban duniya ba. In ka tarar ana binne wani, mayar da wayar aljihu, ka tsaya tare da jama'a, idan an gama binnewa ka roƙa masa tabbata, domin a lokacin ake tambayarsa.

Allah ne Mafi sani.