Iyalin Fukushima da suka kwashe sana'arsu zuwa Amurka: gadon ya bi su ne, ko suna kawai suka tafi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji labarin wani iyali a Japan da suka gaji dafa giyar shinkafa tun kaka da kakanni. Bala'in nukiliya ya tashe su daga garinsu, yanzu suna yin ta a Amurka, kuma suna cewa ita ce dai ta gado. Ni ba mashayiya ba ce. Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai shi ne, mu ma rashin tsaro ya raba mu da garinmu, kuma kakata mai yin daddawa kullum cewa take tun da muka dawo birni daddawarta ba ta faɗa irin ta da. Idan an canja ruwa, an canja hatsi, an canja ɗaki, me ya rage na gadon?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya mayar da ku gida lafiya, Ya ƙara wa kaka tsawon kwana.

Iyalin da kike nufi su ne gidan Tomisawa na garin Futaba, a lardin Fukushima. Giyarsu ana kiranta Shirafuji, kuma sun haura shekara 300 suna yin ta. Sunan abin shan a bakin duniya "sake", ba shi da alaƙa da "sake" ɗin namu na maimaita abu. Giya ce mai sa maye, barasar da ke cikinta takan kai kashi 15 zuwa 16 cikin ɗari, don haka hukuncinta a wajen Musulmi sananne ne. Ni ta fuskar ilmin sarrafa abinci zan amsa miki, domin abin da ke faruwa a cikin randar Tomisawa da abin da ke faruwa a cikin ƙwaryar kakarki 'yan gida ɗaya ne.

Ranar 11 ga Maris, 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a tekun arewa maso gabashin Japan. Igiyar ruwa ta biyo baya. Waɗanda suka mutu da waɗanda har yau ba a ga gawarsu ba sun haura 18,000. Ruwan ya kashe na'urorin sanyaya tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, wadda take zaune a kan iyakar Futaba da Okuma, gubar nukiliya ta fara fita, gwamnati ta ce duk wanda ke cikin kilomita 20 ya tashi. Gidan Tomisawa 'yan kilomitoci kaɗan ne daga tashar. Mutanen Futaba, kusan 7,000, aka kwashe su kaf, da yawansu har lardin Saitama kusa da Tokyo, inda wasu suka daɗe suna kwana a azuzuwan wata tsohuwar makarantar sakandare. Ba a yarda kowa ya koma da zama a garin ba sai ƙarshen Agustan 2022. Shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni. Yaron da aka goya aka fita da shi ya kusa gama firamare a wani wuri.

Abin da iyalin suka iya ceto daga gidan aikinsu shi ne yis ɗinsu. Wannan ne ginshiƙin maganar, amma sai kin san yadda ake aikin za ki ga dalili.

Abu huɗu ne kacal a cikin giyar sake: shinkafa, ruwa, yis, da wani irin funfuna da Japanawa ke kira koji. Yis sukari yake ci, ba ya iya cin sitaci. Hatsi kuwa sitaci ne. Masu dafa burukutu sun warware wannan da tsiro: a jiƙa dawa ta tsira, tsiron ne ke mayar da sitaci sukari. Japanawa ba sa bin wannan hanya, saboda shinkafarsu surfe ake yi mata mai tsanani har ƙwayar da za ta tsira ta tafi da dusa. A giya mai daraja da suke kira ginjo, kashi 60 cikin ɗari na ƙwayar ko ƙasa da haka ake bari. A daiginjo, rabi ko ƙasa da rabi. To shinkafar da aka yi wa wannan surfe ba ta tsiro, sai aka ba funfuna aikin.

A nan hannu yake nuna kansa. Ana turara shinkafar, ba a dafa ta a ruwa, a kai ta wani ɗaki mai ɗumi wanda akan lulluɓe bangonsa da katako, zafinsa wajen digiri 30 a ma'aunin Celsius. A baza ta a kan doguwar teburi, shugaban aiki, wanda suke kira toji, ya barbaɗa ƙwayar funfunar a kai kamar mai yayyafa toka. A nannaɗe ta da mayafi. Daga nan kusan kwana biyu ba barcin kirki. Funfuna idan ya fara ci yakan yi zafin kansa, sai a tashi cikin dare a buɗe mayafin, a wargaza dunƙulen da yatsu, a cusa hannu a ji ɗumi, a shinshina, a tauna ƙwaya ɗaya. Idan zafi ya yi yawa aiki ya lalace, idan danshi ya yi yawa funfunar ya tsaya a bayan ƙwaya bai kutsa ciki ba. Akwai ma'aunin zafi a ɗakin, amma tafin hannun toji ne ke yanke hukunci.

Bayan haka a raini yis a ƙaramar randa, mako biyu zuwa wata guda gwargwadon hanyar da gidan ke bi. Sai a juye a babbar randa, a ƙara shinkafa da koji da ruwa sau uku cikin kwana huɗu, don kada a danne yis ɗin da nauyi lokaci ɗaya. A cikin randar nan aiki biyu ke tafiya tare: koji na fitar da sukari, yis na cinye shi. Mako uku zuwa biyar ana haka cikin sanyi, shi ya sa sana'ar ta hunturu ce tun asali.

Yanzu mu ɗauki abubuwan nan mu ga wanda ke iya ƙetare teku.

Koji ba shi da matsala. Ko a Japan gidajen giya sayen ƙwayarsa suke yi daga wasu 'yan tsirarun kamfanoni da suka daɗe suna rainonsa, kuma busasshen gari ne da ake aikawa ko'ina.

Yis ma yana tafiya. Hujjata tana cikin tarihin sana'ar kanta. A 1946 aka ware wani yis a gidan giyar Masumi da ke Suwa, lardin Nagano, aka sa masa lamba 7, aka rarraba shi, har yau yana cikin waɗanda aka fi amfani da su a faɗin ƙasar. Ɗan abin da bai cika cokali ba, idan aka adana shi cikin sanyi, ya isa a tayar da randa dubu. Kuma shi ne ke ba giya yawancin ƙamshinta. Wani gidan a garin da ke makwabtaka da Futaba ya nuna ƙarara cewa yis na tafiya. Gidan Suzuki na unguwar masunta ta Ukedo a garin Namie, masu giyar Iwaki Kotobuki, igiyar ruwa ta share gininsu baki ɗaya. Sai aka dace akwai samfurin yis ɗinsu da suka riga suka aika cibiyar bincike ta lardin kafin bala'in. Da shi suka tayar da aiki a garin Nagai na lardin Yamagata, kuma a 2021 suka koma dafawa a Namie. Gini ya tafi, randuna sun tafi, abin da ke cikin 'yar kwalba ya riƙe gidan.

Sai dai akwai wani ɓangare na ƙwayoyin nan da ba ya shiga kwalba. Ginin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana aiki a ciki, azararsa da bangonsa da tsoffin kayan katakonsa duk sun tara ƙwayoyin halitta nasu na kansu, masu faɗawa cikin randa ba a gayyace su ba, suna barin ɗan tasirinsu. Wannan ya tsaya a Futaba.

Ruwa kuma ba ya tafiya, alhali kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalbar ruwa ne. Japanawa sun daɗe da sanin bambancin. Ruwan Nada, kusa da Kobe, mai nauyi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, yana sa yis ya yi aiki da ƙarfi, giyar ta fito da kaifi. Ruwan Fushimi a Kyoto ya fi laushi, giyarsa ma haka. Abin da suka fi tsoro shi ne sinadarin ƙarfe, domin ɗan kaɗan ya isa ya sauya launi ya ɓata ɗanɗano. Gidan Tomisawa sun sauka ne a Woodinville, wani gari kusa da Seattle a jihar Washington, wanda aka sani da gidajen giyar inabi. Ruwan yankin daga ƙanƙarar duwatsun Cascade yake gangarowa, mai laushi ne, kuma ƙasar na da sanyi. Wuri ne da ya dace da sana'ar. Amma ba rijiyar kakanninsu ba ce.

Shinkafa na tsaka-tsaki. Amurka na noman shinkafa mai gajeriyar ƙwaya da matsakaiciya a Kalifoniya, kuma akwai manoma a jihar Arkansas da ke shuka Yamada Nishiki, irin da Japanawa suka fi girmamawa a wannan aiki. Sana'ar ma ba baƙuwa ba ce a can: tun 1908 aka buɗe gidan dafa ta a Honolulu, manyan kamfanoni irin su Ozeki da Takara da Gekkeikan sun daɗe a Kalifoniya, kamfanin giyar Dassai kuma ya buɗe nasa a jihar New York a 2023. Amma iri ɗaya a gona biyu ba ya shan ruwa daidai. A giya mai tsananin surfe, da agogo a hannu ake jiƙa shinkafa, ana ƙirga daƙiƙu, a tsame ta a auna nauyin ruwan da ta sha. Toji da ya haddace shinkafar garinsu, idan aka kawo masa ta Arkansas, dole ya koma ɗalibi, ya jiƙa, ya auna, ya murje ƙwaya tsakanin yatsu, ya ɓata randa ɗaya ko biyu kafin ya gane halinta.

To ita ce dai ta gado? A ɗanɗano, a'a, ba za ta zo daidai ba, kuma duk wanda ya ce miki daidai take talla yake yi. A doka ma a'a: tun 2015 Japan ta keɓe sunan nihonshu ga wadda aka dafa a cikin ƙasar da shinkafar ƙasar kaɗai, don haka ta Woodinville sake ce amma ba nihonshu ba. Duk da haka ina tare da iyalin a kan iƙirarinsu. Ko a Futaba, giyar bana ba ta taɓa zama daidai da ta bara ba, saboda damina na canja shinkafa, sanyi na canja randa. Abin da aka gada shi ne sanin inda ake so ɗanɗano ya sauka, da iya juya hannu har a kai shi can da kayan da shekara ta kawo. Lokacin da UNESCO, hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, ilmi da ƙwarewar aiki da koji ta ambata, wato abin da ke kan mutane da hannuwansu.

Wani zai ce me ya hana su zama a Japan kamar gidan Suzuki. Ki dubi kasuwar da suka tarar. Shan sake a cikin Japan ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1970, tun daga nan yake raguwa, alhali a ƙetare nema ake yi. Sunan Fukushima kuma ya zama tabo. Daga 2012 lardin ya riƙa gwada kowane buhun shinkafa ɗaya bayan ɗaya don duba gubar nukiliya, kusan buhu miliyan 10 a shekara, kuma daga 2015 ba a ƙara samun wanda ya haura ƙa'ida ba. Giyar lardin ta yi ta lashe lambobin zinariya fiye da ta kowane lardi a gasar ƙasa, sau tara a jere. Amma tsoro ba ya karanta sakamakon gwaji. Amurka ba ta janye takunkuminta kan abincin yankin ba sai 2021, Tarayyar Turai sai 2023. Asarar da ta fi ciwo a ganina ita ce ta masu saye. Ƙaramin gidan giya a ƙauyen Japan na mutanen garin ne, su ke sayenta ranar aure, ranar biki, da ranar kai sadaka wurin bautarsu. Mutanen Futaba sun warwatsu a larduna daban-daban. Ko da an ba iyalin sabon gini a Fukushima, garin da ke shan giyarsu babu shi.

Mu dawo kan kaka. Ƙwayar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, danginsu ɗaya da wadda Japanawa ke yin natto da ita, wani abincin waken suya mai yauƙi. Tana da ƙarfi da naci har masu dafa sake sukan daina cin natto duk tsawon lokacin aiki, don kada ta biyo hannunsu ta mamaye ɗakin koji. Kakarki ba ta zuba yis, amma tana da nata ma'ajiyar ba tare da ta sa mata suna ba: tsohuwar ƙwarya, tsohon kwando, buhun da ake rufewa da shi, ganyen da ake shimfiɗawa, da lungun ɗakin da aka saba ajiyewa. Da kuka taso, mai yiwuwa duk an baro su. Ga shi ɗakin ƙasa na riƙe ɗumi dare da rana, na siminti da kwano kuwa ya yi zafi da rana ya huce da asuba, ita kuma kalwa ɗumi mai ɗorewa take so na kwana biyu zuwa uku. Kalwar kasuwar birni ma ba lallai ta zama ta bana ba, tsohuwa ta fi jinkirin nuna.

Ku nemi wata mai daddawa da kaka ta yaba hannunta, ku roƙi ɗan abin da ya riga ya faɗa, ɗanye wanda ba a shanya ba, a cuɗa kaɗan cikin sabuwar dahuwa tun da sauran ɗuminta. Ku keɓe ƙwarya ɗaya da buhu ɗaya don wannan aiki kawai, a riƙa ɗauraye su da ruwa zalla a shanya a rana, ban da sabulu mai ƙamshi. A ƙara dafa kalwar har ta murje tsakanin yatsu biyu ba gardama, a ƙara kaurin rufi, a ajiye nesa da taga da ƙasan siminti. Zuwa dahuwa ta uku ko ta huɗu ƙwaryar za ta kama. Ku bar kaka ta shinshina ta faɗi ranar buɗewa, kuma wata daga cikinku ta zauna kusa da ita tana kallon hannunta.